Wa Ake Ɗauka Soja? Yadda Sharuɗɗan Shiga Kaki Suka Sauya Daga Zamanin Lifidi Zuwa Yau

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe shafin ɗaukar kurata, shagunan kwamfuta a Kano sukan cika maƙil. Daga titin Gidan Zoo har Kurna da Rijiyar Zaki, samari ne riƙe da fayil suna jiran a cike musu takarda. Abin da sanarwar ke nema kusan kowa ya haddace shi: ka zama ɗan Najeriya ta haihuwa, marar aure, mai shekara 18 zuwa 22, sai dai in kana da sana'ar hannu da shaidarta a ɗaga maka zuwa 26. Tsayinka kada ya gaza mita 1.68 in namiji ne. Ka ci darussa huɗu a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci. Ka zo da lambar katin ɗan ƙasa da takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarku, kuma kada a ce kotu ta taɓa ɗaure ka. Daga nan sai tantancewa, da gudu da awon tsayi da gwajin jini da fitsari. Wanda ya tsallake sai Daffo, wato sansanin horar da kurata irin na Zariya, wata shida cur.

Da yawanmu muna ɗaukar waɗannan sharuɗɗa kamar da su aka haifi aikin soja. Ba haka ba ne. Kowane ɗaya yana da lokacin da aka shigo da shi da dalilin da ya sa, kuma babu ƙasar da ta taɓa tsayawa a kan ma'auni guda. Bukata ce ke ɗaga shi, bukata ce ke sauke shi. In kuwa aka taɓa shi, mutanen da ke cikin kaki sukan sauya, wani lokaci har masu mulkin ƙasar su sauya tare da su.

Kafin zuwan Turawa, Kano ba ta da soja irin wanda muka sani, mai bariki da albashin ƙarshen wata. In Sarki zai fita yaƙi, hakimai ne ke tattaro jama'arsu, kowa da dawakinsa da barorinsa da bayinsa. Yaƙi kuma aikin rani ne, sai an kai amfanin gona gida, domin hannun da ke jan baka shi ne ke riƙe fartanya da damina. Matsayinka a fagen fama yana bin matsayinka a gari. Mai doki da sulke ko lifidi ɗan gidan sarauta ne ko baran babban gida, tun da doki da kayansa sun fi ƙarfin talaka. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15. Talaka kuwa dakare ne, da kwari da baka, ko mashi da garkuwa. Da bindigogi suka fara yawa a ƙarni na 19, sarakuna sun fi damƙa su a hannun bayin sarki, kuma da lissafi suka yi haka: bawan sarki ba ya gadon sarauta, don haka ba a fargabar wata rana ya nemi karaga wa kansa. Tun a wancan zamani, maganar wa za a ba makami maganar siyasa ce kafin ta zama ta jarunta. Abin da ya rage mana na wannan tsari shi ne abin da muke tururuwar kallo a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe.

Turawan Ingila ma da irin wannan lissafi suka fara. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Legas ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Akasarin waɗanda ya riƙa ɗauka bayi ne da suka kuɓuta. Ba wanda ya tambaye su takarda ko ranar haihuwa. Abin da ya sa suka dace da aikin shi ne baƙuntarsu: ba su da dangi a Legas, ba su da sarkin da za su kare, mai ba su abinci da mafaka shi ne ubangidansu. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma wani ɓangarenta ne ya fasa ganuwar Kano ta wajen Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu 1903, ƙarƙashin Kanar Morland, Sarki Alu ba ya gari. Turawan da ke cikin wannan ayari ba su kai 50 ba. Sauran, mutum sama da 700, baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda tsofaffin birni suka daɗe suna ƙyamar kaki ba. Shekaru da dama bayan haka, ɗan malami ko ɗan attajiri a cikin badala in ya ce zai shiga soja, kallon wanda ya fi ƙarfin iyayensa ake yi masa.

Akwai wata aƙida da Ingilishi suka taho da ita daga Indiya bayan tawayen sojojin can a 1857, wai wasu ƙabilu an halicce su ne don yaƙi, irin su Gurka da Sik, wasu kuma ba su dace ba. Ƙarya ce, amma ƙarya ce mai amfani ga mai mulkin mallaka, domin waɗanda ake yaba wa jarunta galibi su ne na karkara da ba su shiga makarantar boko ba, waɗanda ake kushewa kuma su ne masu karanta jarida suna yin tambaya. A Najeriya wannan ya sa aka karkata ga Arewa. Sai dai a lura, ba duk wanda aka rubuta wa "Bahaushe" a rajistar bariki ne Bahaushe ba. Akwai Tibi, da Angas, da Bachama, da Dakarkarin Zuru, da Barebari, da Zabarmawa. Hausa ce dai harshen da ya haɗa su, ita ce harshen bariki na tsawon shekaru, har Turawan kansu sai da suka koye ta. Rashin boko a wancan lokaci kusan cancanta ce. Yau shi ne shingen farko da ke mayar da yaro gida.

A ƙa'ida Ingilishi ba sa ɗaukar soja dole a Najeriya, ko da yake in yaƙi ya yi tsanani sukan yanka wa hakimai da dagatai adadin da za su kawo, kuma kowa ya san yadda irin wannan "sa-kai" take ƙarewa a ƙauye. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi kuwa ko wannan sakayawar ba su samu ba. Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja dole a ƙasashenta na Afirka ta Yamma tun 1912, ta ƙara ɗaure ta a 1919, abin da ya sa samari da yawa suka riƙa tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Ingilishi.

Yaƙin Hitila ne ya fara rusa tsohon ma'aunin. Yaƙi ya koma na mota da rediyo da taswira, ana bukatar direbobi da makanikai da akawu da ma'aikatan jinya da masu aika saƙo. Waɗannan sai wanda ya iya karatu da rubutun boko, makarantu kuwa Kudu suke, domin Turawa sun taƙaita su a masarautun Arewa. Sai 'yan Kudu, musamman na Gabas, suka cika waɗannan gurabe. Dubban 'yan Najeriya sun yi yaƙi a Gabashin Afirka, sannan a dajin ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya cikin Runduna ta 81 da ta 82, kuma har yau sunayen barikokinmu na ɗauke da wannan tarihi: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas. Barikin Bukavu na nan Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960. Da aka gama yaƙin duniya, rundunar ta fito da hawa uku: masu riƙe bindiga akasari 'yan Arewa, masu alƙalami da sifana akasari 'yan Kudu, Turawa kuma a sama suna ba da umarni.

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin ranar da Bature zai tafi, wani ne zai hau kujerarsa. Hafsoshin farko 'yan ƙasa, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun da suka samu anini a 1949, daga cikin ƙananan sojoji masu ilimi aka ɗago su. Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila a 1953, amma irinsa daga Arewa ba su da yawa. Lokacin samun 'yanci, mafi yawan hafsoshi 'yan Najeriya daga Gabas suke. Ba wata maƙarƙashiya ba ce ta kawo haka, sharaɗin takarda ne kawai ya yi aikinsa a ƙasar da ba a raba makarantu daidai ba. Shugabannin Arewa sun ga inda abin ya dosa. A 1958 aka kafa tsarin kaso wajen ɗaukar kurata: rabi ga Arewa, kashi 25 cikin 100 ga Gabas, 25 ga Yamma. A 1961, Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da hafsoshi, aka kuma ɗan sassauta sharaɗin takardu. Manyan Arewa suka riƙa bin makarantun sakandare suna kwaɗaita wa ɗalibai aikin soja.

A dubi waɗanda suka shiga a 'yan shekarun nan. Murtala Muhammed, haifaffen Kano, ya riga tsarin kason hafsoshi, ya shiga a 1958. Bayansa sai Muhammadu Buhari, sai Sani Abacha na Fagge da ya samu anini a 1963, sai Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa, waɗanda makaranta ɗaya suka yi a Bida. Duk in ban da Vatsa sun mulki Najeriya. Shawarar da aka yanke a ofis kan wa za a ɗauka ya koyi fareti, ita ce ta zaɓa wa ƙasar shugabanni har zuwa 1999, Buhari ma ya sake dawowa da farar hula a 2015.

Shin tsarin kason daidai ne? A ganina ba makawa sai da shi, domin babu ƙasar da za ta zauna lafiya in yanki ɗaya ne ke ba da umarni, wani yankin kuma ke riƙe da kunamar bindiga. Amma yaudarar kai ne a ce bai zo da nasa ciwon ba. Ɗan Kudu mai takarda mai kyau da aka bari a baya ya ga an zalunce shi. Ɗan Arewa kuma ya ga gyara ne ake yi wa zaluncin da ya riga ya faru. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma duk bariki ɗaya suke kwana. Zuwa 1966 rundunar ta jeru hawa-hawa ta fuskar ƙabila: manjoji akasari Ibo, laftanoni da ƙananan sojoji akasari 'yan Arewa. Manjoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, laftanoni da saje-saje suka rama ranar 29 ga Yuli. Kano ba ta tsira ba. Bataliya ta 5 da ke nan, wadda Odumegwu Ojukwu ke shugabanta a watan Janairun shekarar, sojojinta sun bijire wa hafsoshinsu ranar 1 ga Oktoba, suka afka wa Ibo a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Rana ce baƙa a tarihin wannan gari, kuma bai kamata a tsallake ta ba in ana maganar abin da ke faruwa lokacin da soja ya daina ganin kansa sojan ƙasa ya koma sojan yanki.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sharuɗɗa suka zube gaba ɗaya. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba ta kumbura zuwa wajen 250,000 a 1970. Ba lokacin duba takarda, horon wata shida ya koma na 'yan makonni, aka kirawo mazan jiyan Bama, aka riƙa liƙa wa saje-saje anini a bakin daga. Runduna ta 2 da Murtala ya jagoranta a gaggauce aka harhaɗa ta, har da akawu da masu dafa abinci, kuma ita ce ta yi mummunar asarar rayuka wajen yunƙurin tsallaka Kogin Kwara zuwa Onica, sojojinta ne kuma suka kashe fararen hula a Asaba a watan Oktoba na 1967. Bayan yaƙi sai ga sojoji rututu ba barikin da zai ɗauke su, suna haya cikin unguwanni, albashinsu na cinye kaso mai tsoka na kasafin ƙasa. Shekaru aka ɗauka ana rage su.

Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A 1914 Ingila na bukatar mai tsayin ƙafa 5 da inci 3, amma da ta ga tana neman mutane ruwa a jallo sai ta kafa bataliyoyi na musamman na gajeru, ta sauko zuwa ƙafa 5, daga bisani a 1916 ta koma ɗauka dole. A 1966, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, sakataren tsaron Amurka Robert McNamara ya ɓullo da shirin ɗaukar waɗanda a da suke faɗuwa gwajin basira ko na lafiya, yana cewa taimakon talakawa ne. Sama da mutum 300,000 suka shiga ta wannan hanya, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran sojoji. A zamaninmu, Rasha ta shiga gidajen yari a 2022 tana ɗibar fursunoni ta hannun kamfanin sojojin haya na Wagner, Yukren kuma a 2024 ta sauke shekarun kiran dole daga 27 zuwa 25. Ko'ina dai wanda ke biyan kuɗin sassaucin shi ne wanda aka sassauta dominsa, shi ake turawa gaba da horon da bai nuna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita kanta ɗauka dole ba tsohuwar aba ba ce kamar yadda ake zato. Faransa ce ta fara kiran dukkan samarin ƙasa a 1793, wasu suka kwaikwaya, aka yi yaƙe-yaƙen duniya biyu da miliyoyin mutanen da ba su zaɓi kaki ba. Daga baya aka riƙa watsar da ita: Ingila ta daina kira a 1960, Amurka a 1973, Faransa a ƙarshen shekarun 1990, Jamus a 2011. Babban dalili shi ne makamai sun yi wuyar sarrafawa. Yaron da zai yi shekara ɗaya ko biyu ya tafi ba zai ƙware a kan tankar zamani ko na'urar hango jirage ba. Aka koma ƙananan rundunoni na ƙwararru masu albashi, ma'auni ya hau sama.

Sai kuma wata matsalar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Wani binciken ma'aikatar tsaron Amurka na 2020 ya nuna kashi 23 cikin 100 kacal na matasa 'yan shekara 17 zuwa 24 ne suka cika sharuɗɗa ba tare da an ɗaga musu ƙafa ba. Sauran, ƙiba ce ko ƙwaya ko rashin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa ta hana su. A 2022 sojan ƙasan Amurka ya nemi kurata 60,000, ya gaza da kusan 15,000. Abin da suka yi ya cancanci a duba: sun buɗe wani horon share fage a barikin Fort Jackson, inda wanda ya kusa kai wa ma'auni ke yin makonni yana karatu ko rage ƙiba, in ya kai a ɗauke shi. A Turai kuwa tsoron Rasha ya dawo da kiran dole, Lituweniya a 2015, Suwidin a 2017, Latbiya a 2023.

Shigowar mata ita ce sauyin da ya fi fitowa fili. A Najeriya ta hanyar jinya suka fara, tun farkon shekarun 1960. Aderonke Kale, likita ce, ta zama mace ta farko mai muƙamin manjo-janar a 1994. Makarantar hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, sai a 2011 ta fara ɗaukar mata a sahun masu horon yaƙi, a 2018 aka kafa sashen mata na sojan ƙasa, a 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi. Amurka ma sai a 2016 ta buɗe wa mata dukkan guraben fagen fama. Na san a gidajenmu da yawa maganar 'ya mace ta shiga soja ba ta ko tasowa, kuma na fahimci dalilan iyaye. Amma a tuna 2014, lokacin da Boko Haram ta riƙa ɗaura wa 'yan mata bam, aka tayar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano a watan Yuli, aka tayar a Kantin Kwari a Disamba. Dole ta sa a binciki mata a shingaye da ƙofofin kasuwa. To wa muke so ya taɓa matanmu da 'ya'yanmu in an zo binciken? Kunyarmu da addininmu su ne ma suka fi bukatar a samu mata cikin kaki, kuma masu jin harshenmu.

Tsarin kason 1958 bai mutu ba, rikiɗa ya yi. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su kasance sun wakilci sassan ƙasar, kuma yanzu jiha-jiha ake rabo maimakon yanki-yanki. Ƙa'idar hukumar raba-daidai ita ce kowace jiha ta samu tsakanin kashi 2.5 da 3 cikin 100 na guraben tarayya. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce Kano, mai mutum miliyan 9.4 a ƙidayar 2006 da ƙananan hukumomi 44, kusan rabonta ɗaya da Bayelsa mai miliyan 1.7 da ƙananan hukumomi 8. A 'yan shekarun nan rundunar ta sha fitowa tana kukan cewa matasan Kudu maso Gabas ba sa cike gurabensu. A nan kuwa akasin haka ne, masu nema sun ninka gurabe. Garin da a da ake ƙyamar kaki, yau rashin aikin yi ya sa ana neman sa ido rufe. Inda nema ya yi yawa kuwa nan 'yan damfara ke yin kasuwa, suna karɓar kuɗin iyaye da sunan suna da hanya, alhali cike takardar kyauta ne. Takardar shaidar asali ma tana da nata rikicin ta fuska biyu. Ana yawan ƙorafin cewa akan ba wanda ba ɗan gari ba ya cinye gurbin 'yan gari. A ɗaya gefen kuma ga yaron da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi ubansa a nan, bai san wani gari ba sai Kano, amma sai ya koma jihar kakansa neman takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba sa ma kai wa ga layin. Sandar awon tsayi ba jarunta take aunawa ba, abincin da yaro ya ci ne kafin ya cika shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, kuma tsayin da tamowa ta cinye a yarinta ba ya dawowa a shekara 18. Ingila ta taɓa ganin haka a lokacin yaƙinta na Afirka ta Kudu da aka fara a 1899, da likitoci suka riƙa mayar da ɗimbin samarin birane saboda rashin ƙoshin lafiya. Abin ya girgiza su har ya taimaka wajen kafa dokar ciyar da 'yan makaranta a 1906. Amurka ta yi makamanciyarta a 1946 bisa irin wannan dalili. Ga kuma gwajin fitsari, a ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma mu a Kano ba sai an ba mu labarin kodin da taramol ba. Ga iyakar shekara 22. Yaron da ya fara da tsangaya, ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga boko yana ɗan shekara 13 ko 14, kafin ya riƙe takardar sakandare lokaci ya ƙure masa. Kakansa an ɗauke shi soja ne don bai yi boko ba, shi kuma an bar shi don ya makara da yin sa.

Ba ina cewa a sauke ma'auni ba ne. Sojan yau yana karanta taswira a waya, yana sarrafa jirgi marar matuƙi, yana aiki tsakiyar fararen hula inda kuskuren daƙiƙa guda ke kashe iyali guda, saboda haka ilimi da natsuwa ba ado ba ne a gare shi. Abin da nake ganin ya dace shi ne a ɗago yaran su kai ma'aunin. Jihar da ke da matasa kamar Kano za ta iya kafa horon share fage na 'yan watanni, a gyara wa mai nema Turancinsa da lissafinsa, a duba lafiyarsa tun kafin ranar tantancewa, a taimaki wanda ya fara shaye-shaye ya rabu da shi. Kuma ya dace wakilanmu a majalisar tarayya su nemi a ɗaga iyakar shekaru ga wanda ya zo da shaidar cewa ta tsangaya ya biyo.

Dalilin da ya sa maganar ba ta jira shi ne waɗanda aka rufe wa ƙofar gaba suna samun bindiga ta wata hanyar. Tun 2013 'yan ƙato da gora suka fito a Maiduguri, suka yi abin da soja ya kasa, domin sun san unguwa sun san fuska, daga baya har aka ɗauki wasunsu aikin soja. A watan Oktoba na 2023 Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an tsaron al'umma, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a Janairun 2024. Mutane ne masu zuciya, da yawansu sun rasa rayukansu suna kare ƙauyukansu, kuma sun san daji da harsunan cikinsa fiye da kurtun da aka kawo daga nesa. Amma horonsu bai kai na Daffo ba, tantancewarsu ba ta kai ta soja ba, kuma ƙorafin wuce gona da iri a kan ƙungiyoyin sa-kai ba sabon abu ba ne a Arewa maso Yamma. Soja in ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, yana da lamba, yana da kwamanda, akwai kotun soja da za a gurfanar da shi, in kuma ya mutu a bakin aiki akwai haƙƙin da doka ta tanadar wa magadansa. Ɗan sa-kai kuwa alawus ɗinsa da makomarsa suna rataye ne ga gwamnan da ke kan kujera, kuma ranar da aka sallame shi, ya riga ya iya harbi.